Yadda ake shirya kiɗan ogan na bazara a coci da karɓar baƙin makaɗa, mataki bayan mataki

Jama'a barkanmu. Tun da muka rufe kiɗan bana mutane ke ta tambayata, musamman 'yan'uwanmu da ke zaune nan Ingila waɗanda aka saka a kwamitin cocinsu, wai ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, kuma ina muke samo waɗannan makaɗan da ke zuwa daga wasu garuruwa har da wasu ƙasashe. Na gaji da amsawa guntu-guntu shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya yadda muke yi a namu cocin Angilika, mai ogan na bututu mai kibod hawa 3 da feda, wato maɓallan da ake dannawa da ƙafa. In na ce bazara ina nufin ta nan, Yuni zuwa Agusta, lokacin da rana ke kaiwa ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba.

Abu ɗaya nake so ku riƙe kafin mu shiga: babu ogan biyu da suke iri ɗaya. Mai goge yana zuwa da gogensa, mai gita da gitarsa, amma mai ogan takalmi da takardun kiɗa kawai yake shigowa da su, kayan kiɗan naku ne, a jikin gininku yake, bai taɓa ganinsa ba. Duk wahalar shirin nan daga wannan ta taso.

1. Ku fara da ogan ɗin, ba da makaɗa ba

A watan Oktoba ko Nuwamba kafin bazarar da za a yi wasan ake wannan. Ku zauna da mai kaɗa ogan na cocinku ku bi shi murya-murya (murya ita ce jerin bututu masu sauti iri ɗaya da makaɗi ke jawowa ko mayarwa), kowane maɓalli, kowace feda, ku rubuta wanda ba ya magana, wanda ke maƙalewa, da inda iska ke tsiyaya kuna jin fuuu. A yawancin coci-cocin nan akwai ɗan littafi da ake ajiyewa kusa da kibod domin mai saiti, wato mai daidaita muryar bututu, a ciki ake rubuta matsala, ku buɗe ku karanta na shekara biyu baya, zai faɗa muku gaskiyar da kwamiti bai sani ba.

Sannan ku rubuta takardar bayanin ogan shafi ɗaya: wa ya ƙera shi, yaushe, kibod hawa nawa, maɓalli nawa a kowane hawa (na zamani 61 ne, tsofaffi da yawa 56 ko 58), feda 30 ce ko 32, jerin muryoyi da tsawonsu wato ƙafa 16, 8, 4, 2, sannan mafi muhimmanci ko yana da memori na ajiye haɗin muryoyi, kuma hawa nawa za ku iya bar wa baƙo. In ba ku da tarihin, ku duba National Pipe Organ Register, rajistar ogan ta ƙasar nan, kyauta ce a intanet, amma kar ku kwafa ido rufe domin wani lokaci an yi gyara ba a sabunta ba.

Gargaɗi: kar kowa ya shiga cikin ɗakin bututu da sunan share ƙura. Ƙarfen bututun nan gamin dalma da kuza ne, laushi gare shi, ɗan matsi ya lotsa, kuma ko ɗumin hannu kaɗai yana canza masa murya na ɗan lokaci. Sannan babban gyara a cocin Angilika sai da izinin dayosis, saiti na yau da kullum ne kawai ba ya buƙata.

2. Izini da ranaku

Ku kai maganar gaban Rabaran da majalisar coci a rubuce, a amince a saka a minit. Sannan ku zaɓi rana ɗaya a mako ku tsaya a kai, misali kowace Laraba, domin mutane rana suke riƙewa ba kwanan wata ba. Na rana ƙarfe 1 minti 40 zuwa 45 ya isa, ma'aikata su koma ofis. Na yamma awa ɗaya ba hutu a tsakiya.

In wannan ne karonku na farko kar ku wuce wasa 4 zuwa 6. Ku ɗauko kalandar coci ku duba ɗaurin aure, domin Asabar ɗin bazara ta amare ce, ku duba daren da masu kaɗa ƙararrawa ke gwaji, ku duba ranar masu jera furanni da masu shara. Ba ranar wasan kaɗai za ku kama ba, har da yammacin jajibirinta, za ku ga dalili a mataki na 6.

3. Kuɗi

Abubuwan da ke cin kuɗi guda biyar ne: ladan makaɗa, kuɗin jirgin ƙasa da masauki, mai saiti, buga fosta da takardar shiri, sai lasisi. Bari in ba da misali na lissafi kawai, ba farashin kasuwa ba ne. A ce kun yi yarjejeniya da kowane makaɗi a kan fam 150, wasa 6 ya zama fam 900, in kun ware fam 60 na hanya ga kowa ƙarin fam 360 ke nan, kun kai 1,260 ba ku taɓa mai saiti ba. Shi mai saiti ku nemi ya rubuto muku farashinsa tun hunturu. Yanzu ku raba jimillar da yawan mutanen da kuke da tabbacin za su zo, ba waɗanda kuke fata ba, in lissafin bai fita ba ku rage yawan wasa, kar ku rage ladan makaɗi.

Ni a ganina shiga kyauta da baiko a bakin ƙofa lokacin fita ya fi tikiti, kuma ga dalili. Kuɗin tikiti ciniki ne, ba a karɓar Gift Aid a kansa. Amma kyauta ta ganin dama daga mai biyan haraji, in ya cike ambulan da sunansa da adireshinsa, gwamnati na ƙara wa coci fene 25 a kan kowane fam 1. Akwai kuma tsarin ƙananan kyaututtuka na fam 30 zuwa ƙasa, tsabar kuɗi ko taɓa kati, har zuwa fam 8,000 a shekara ba tare da cike ambulan ba, sai dai ku tambayi ma'ajin coci domin mai yiwuwa baikon Lahadi ya riga ya cinye wannan gurbin. Ku samo injin taɓa kati, mutane da yawa yanzu ba sa yawo da tsaba ko kaɗan.

Gargaɗi a nan: in kun rubuta a fosta cewa dole sai an ba da fam kaza kafin a shiga, to ya tashi daga kyauta ya zama tikiti ko da kun kira shi gudummawa.

Maganar lasisi kuma, kiɗan wanda bai cika shekara 70 da rasuwa ba yana da haƙƙin mallaka. Bach ya rasu 1750, Widor da Vierne duk 1937, waɗannan ba matsala. Amma Duruflé 1986 ne, Messiaen 1992, kuma baƙi na son kaɗa su sosai. Lasisin PRS for Music, masu karɓar kuɗin haƙƙin mallakar kiɗa, da coci-coci ke saye ta hannun CCLI, kamfanin lasisin coci, wasa 6 yake ɗauka a shekara, in za ku wuce haka, ko kun riga kun ci wasu da waƙoƙin Kirsimeti, sai ku nemi PRS kai tsaye. In za ku sayar da giya akwai takardar ƙaramar hukuma ta fam 21, mu dai shayi da biskit muke bayarwa mun huta.

4. Gayyatar makaɗa

Daga Disamba zuwa Janairu ake aika gayyata, ƙwararru kalandarsu na cika da wuri, wasu shekara guda ko fiye. Ina ake samunsu? Hanya mafi sauƙi ita ce musaya: naku makaɗin ya je cocinsu, nasu ya zo naku, haka galibin harkar ke tafiya. Sai mataimakan makaɗa na manyan katidiral, sai ɗalibai masu koyon ogan a kwalejojin kiɗa da jami'o'i, waɗanda bazara ce hutunsu kuma suna neman inda za su nuna hannu. In kun ga ARCO ko FRCO bayan sunan mutum, shaidar jarrabawar Royal College of Organists ce, wadda aka kafa tun 1864, FRCO ce babba. Ku riƙa leƙa wasannin wasu kuma, irin na bazara a Westminster Abbey, ko gasar St Albans da Peter Hurford ya kafa a 1963 ake yi duk shekara biyu a Yuli, matasan da ke fitowa daga can duniya ce ke rububinsu.

Ku gauraya. Babban suna ɗaya a buɗe, naku na gida a rufe, matasa a tsakiya. Kuma don Allah ku duba jerin kafin ku buga, in duk maza ne to ba ku nema da kyau ba, mata masu ogan suna nan da yawa.

Wasiƙar gayyata ta ƙunshi rana, lokaci, tsawon wasa, lada a fili da lambobi, wa zai biya hanya da masauki, awa nawa na gwaji, da takardar bayanin ogan ɗin nan ta mataki na 1. Kar ku ji kunyar maganar kuɗi, kunyar nan ce ke haifar da ɓacin rai daga baya.

Gargaɗi kan baƙon waje: wanda za a biya lada dole ya shigo da hujja. Akwai tsarin Permitted Paid Engagement a ƙarƙashin izinin baƙunci, yana buƙatar wasiƙar gayyata daga gare ku, kuma a yi aikin cikin kwana 30 na farko da shigowarsa. Turawan nahiya tun Afrilu 2025 sai sun nemi ETA, izinin shigowa da ake nema ta intanet, kafin su taso, ɗan Najeriya ko Gana kuwa biza ce cikakkiya kuma tana ɗaukar lokaci. Dokokin nan na canzawa, ku karanta shafin gwamnati a makon da za ku aika wasiƙar. In kuma makaɗin bai kai shekara 18 ba, ku sanar da jami'in kare yara na coci, ba a barinsa shi kaɗai da babba ɗaya a ginin da dare.

5. Saitin murya, a nan zafi ke shigowa

Wannan matakin ne mutane ba sa ganewa, kuma shi ne bambancin wasan bazara da na kowane lokaci. Bututun ogan iri biyu ne. Akwai masu baki irin na sarewa, su ne mafi yawa, akwai kuma masu ɗan harshen tagulla a ciki da ke karkarwa, masu kuka kamar algaita ko kakaki. In iska ta ɗumama, muryar masu bakin sarewa hawa take yi, kusan kashi 3 cikin 100 na tazarar maɓalli da maƙwabcinsa a kan kowane digiri ɗaya, su kuma masu harshe kusan suna nan inda suke. To ku lissafa, ogan da aka saita a Maris coci na digiri 15, Yuli ta zo ya kai 23, sarewa sun gudu sun bar kakaki a baya, makaɗi ya jawo su tare sai ka ji kamar mutum biyu na gardama. Shi ya sa mai saiti in ya zo, galibi masu harshen yake ja su cim ma sauran, ba ya taɓa dubban sarewar nan.

Saboda haka ku kama ranarsa cikin mako guda kafin wasan farko, kuma in kuɗi ya bari ya sake leƙowa tsakiyar zango. Ku rataye ma'aunin zafi da danshi kusa da bututu, ba a bakin ƙofa ba, domin sama ta fi ƙasa zafi, kuma in akwai taga mai kawo rana kan wani sashe da yamma ku faɗa masa. Yana buƙatar shiru ƙwarai, ba injin shara ba hira, kuma yana buƙatar mai danna masa maɓalli, ku tambaya ko zai zo da nasa.

Fari ma matsala ne. Ciki duk katako ne da fata, zuga-zugin da ke riƙe iska fata ce, in gari ya bushe katako ya tsuke sai wata murya ta maƙale ta yi ta kuka ba wanda ya taɓa ta. A makon zafin Yuli 2022, wanda aka auna digiri 40.3 a Coningsby, namu ya yi mana haka ana saura kwana ɗaya wasa, Allah ya taimake mu mai saiti ya ɗauki waya ya zo da sassafe. Tun daga nan lambarsa na manne a cikin littafin nan. In ogan ɗinku na da injin ƙara danshi ku tabbata ruwa na shiga. Kuma kar ku buɗe duk ƙofofi da tagogi ana saura awa ɗaya wai a sha iska, kun canza zafin da aka yi saiti a kansa.

6. Lokacin gwaji, wannan shi ne zuciyar aikin

In za ku manta komai kar ku manta wannan. Baƙo ba gwada yatsu ya zo yi ba, ya riga ya iya kiɗansa tun a gida. Abin da ya zo yi shi ne zaɓen muryoyi, layi-layi, ya ja wannan ya saurara, ya mayar ya ja wancan, ya sauko tsakiyar coci ya ji yadda take isa can domin abin da ake ji a kujerar kiɗa daban yake da abin da jama'a ke ji, sannan ya ajiye kowane haɗi a memori. Wasan awa ɗaya na iya cin awa 4 zuwa 6 na wannan aikin, in ogan ɗin babba ne ko ba shi da memori ya fi haka. Mu muna ba da yammacin jajibiri bayan an kulle coci, da kuma awa 2 ranar wasan.

Wanda ya zo daga Jamus ko Faransa ku ƙara masa lokaci. Fedar Ingila a baje take kamar mafici kuma da ɗan lanƙwasa, tasu ta can galibi a miƙe take, ƙafa sai ta saba. Jerin kibod ma ya bambanta, a nan babban hawa a tsakiya yake, a ogan ɗin Faransa da yawa shi ne na ƙasa.

Abin da za ku tanadar masa: makulli ko mai buɗe ƙofa da lambar wayarsa, inda ake kunna injin iska da fitila, lambobin memori da aka ware masa a rubuce, katakon ɗaga benci domin tsayin mutane ba ɗaya ba, fensir, ruwan sha amma ba a kan ogan ba, da makullin banɗaki. Ku nuna masa yadda ƙararrawar tsaro take kafin ku tafi.

Gargaɗi mai zafi: da zarar baƙo ya ajiye haɗinsa, a manna takarda kar wanda ya taɓa waɗannan lambobin. Mun taɓa yi, wani ya zo da safe gwajin ɗaurin aure ya goge aikin awa 5 na baƙuwarmu ba da sani ba, ta zauna ta sake daga farko ba ta ci abincin rana ba, har yau in na tuna raina na ɓaci domin laifinmu ne da ba mu rubuta ba. Yanzu muna roƙon kowa ya rubuta haɗinsa a takarda ma, ko ya ɗauki hoto.

Ku tambaye shi tun da wuri ko yana son mai juya shafi. Dole ya zama wanda ya iya karanta kiɗa, kuma ya zo gwajin ƙarshe, ba a tsinto shi cikin jama'a ana saura minti 5 ba.

7. Jerin kiɗa da talla

Ku nemi jerin mako 6 kafin ranar, da ɗan tarihinsa da hoto. Ku jera na kowa gefe da gefe, domin in ba ku duba ba mutum uku za su kawo muku tokatar Widor ɗin nan ta simfoni na 5 (tokata kiɗa ne mai gudun yatsu), ko tokata da fuga ta Bach da kowa ya sani. Wanda ya fara turowa shi ke da ita. Ku duba ma ko ogan ɗinku zai ɗauka, in fedarku 30 ce kiɗan kuma na neman 32 gara a sani yanzu.

Ni nakan roƙi a saka aikin Fela Sowande ko sau ɗaya a zango. Ɗan Abeokuta ne, an haife shi 1905, ya kaɗa ogan shekaru a Kingsway Hall ta Methodist a Landan, kuma yana da wani kiɗan ogan mai suna Obangiji, Bahaushe na jin sunan ya san inda kalmar ta samo asali. Ya rasu 1987, don haka yana cikin masu buƙatar lasisi.

Talla kuwa fosta ɗaya mai dukkan ranaku, a laburare, shagon shayi, ofishin masu yawon buɗe ido, da Facebook na unguwa. Allon tsaye a bakin titi ranar wasan ya fi komai kawo baƙin fuska. Ku rubuta a fili cewa kowa na iya shiga, ba sujada ba ce, abokan aikina Musulmi sun zo sau da dama kuma tambayar farko da suke yi ke nan.

8. Ranar wasa

Ku zo awa 2 kafin lokaci. Makaɗi ya gama gwaji ana saura minti 30 a buɗe ƙofa, a ba shi ɗaki shiru da abin taɓawa. In kujerar kiɗa a ɓoye take a sama ko bayan ginshiƙi, ku saka kyamara da majigi, ɗaya a kan hannu in da hali ɗaya a kan ƙafa, mutane in suka ga ƙafa na gudu a kan feda kallonsu ga abin canzawa yake gaba ɗaya. Amma sai da yardarsa, haka ma ɗaukar murya ko watsawa kai tsaye.

Mai gabatarwa minti 2 kacal: maraba, ƙofar fita in an samu gobara, a kashe waya, ina za a tafa, kwandon baiko na bakin ƙofa. Ku tambayi makaɗi yadda ake faɗin sunansa. Mutum biyu su tsaya ƙofa, mai latti ya jira sai an kai ƙarshen kiɗa, kuma in agogon hasumiya na bugawa da ƙarfi ku san lokacin da zai buga. Kuɗi mutum biyu ke ƙirgawa su sa hannu.

9. Bayan an watse

Ku biya makaɗi a ranar, ko cikin mako in ta banki ne, kar ya bi ku da tuni. Ku raka shi tasha ko ku kira masa tasi. Kafin ya tafi ku ce ya rubuta duk abin da ya ji ba daidai ba a littafin mai saiti, kunnen baƙo na kama abin da ku kun saba da shi. Ku rubuta yawan mutane, kuɗin da aka samu, da zafin ɗakin a ranar, shekara mai zuwa da wannan za ku yi lissafi, kuma ku adana takardar shirin domin rahoton PRS.

Sai rufewa: a mayar da dukkan muryoyi ciki, a bar akwatin bututu mai shafuka, wanda ake buɗewa da ƙafa a ƙara sauti, a buɗe domin zafin cikinsa ya zama ɗaya da na coci, a kashe injin iska a tsaya a ji ya yi shiru, a rufe kibod, a share lambobin memori domin baƙon mako mai zuwa sai dai in wannan ya ce a bar masa. Washegari a aika masa saƙon godiya, in kuma kuna son ya dawo, a cikin saƙon nan za ku tambaye shi ranakunsa na baɗi.